Daren da allo ya ƙi zama baƙo

Masu karatu, wannan makon zan ajiye maganar biza da kuɗin haya, in shiga da ku ɗakin gwaji. Ku yi haƙuri da ni, domin abin da ya hana ni barci dare uku ya shafi duk wanda ya taɓa kai wayarsa wurin mai gyara aka ce masa sai an yi mata filashin.

Aikin kammala digirina na biyu a nan Jamus wani ƙaramin allon lantarki ne da ke auna wutar sola, yana lissafa abin da ya shiga batir da abin da ya fita. Ƙwaƙwalwarsa AM335x ce ta kamfanin Texas Instruments, irin wadda ke kan BeagleBone Black, allon nan da ya fito a 2013 wanda zanensa a buɗe yake ga kowa. Mun ƙera guda 20. Don rage kuɗi da gudun ƙura, ni da kaina na ba da shawarar a cire ramin katin memori, a bar ma'adanar eMMC kaɗai, wadda a liƙe take jikin allon. Ranar da allunan suka iso, na jera su a kan tebur ina murna, sai abokiyar aikina ta tambaye ni ta ina za mu zuba musu manhaja. Saura kwana 12 in gabatar da aikin. Takardar zamana kuma ta kusa ƙarewa, wanda ya san Jamus ya san cewa ƙarin zangon karatu yana nufin sake nuna kuɗi a asusu. Ni kuwa asusun nawa ba ya son a leƙa shi.

Kafin in ci gaba, bari in faɗi yadda irin wannan na'ura take tashi. Idan aka ba ta wuta, abin da ke fara aiki wata 'yar manhaja ce da aka gina a cikin ƙwaƙwalwar tun daga masana'anta, ba mai iya sauya ta. Ita ce ke neman mataki na biyu, wanda ake kira SPL, ɗan ƙarami da aikinsa shi ne ya tada babbar memorin aiki. Daga nan sai cikakkiyar manhajar tayarwa ta hau, ta ɗauko Linux ta miƙa masa ragama. Kamar yaron mota ne da asuba: ya duba ruwa da mai, ya ɗumama inji, direba na zuwa ya koma gefe. Wadda aka fi amfani da ita a irin waɗannan alluna ita ce U-Boot. Wolfgang Denk, injiniya Bajamushe, shi ya raine ta da sunan PPCBoot, aka sauya mata suna a 2002. Cikakken sunanta Das U-Boot, kuma a Jamusanci kalmar na nufin jirgin ruwa mai nutso. Sunan ya dace, domin a ƙarƙashi take aiki, mai na'ura ba ya ganinta sai ranar da abu ya lalace.

Ba a rasa ƙofa gaba ɗaya ba. Ƙwaƙwalwar AM335x, in an saita ta haka, idan ba ta samu komai a ma'adana ba sai ta saurari layin siriyal, wasu 'yan wayoyi uku da ake haɗawa da kwamfuta. Za ka ga tana ta rubuta harafin C, alamar tana jiran a turo mata. Ta nan na tura SPL da U-Boot, allon ya farka. Matsalar ita ce gudu. Layin yana tafiya a kan 115200, wato kimanin bait 11,500 a daƙiƙa. U-Boot bai kai megabait ɗaya ba, minti ɗaya ko biyu ya ishe shi. Amma Linux ɗinmu da kayansa gigabait 2 ne. Na buga lissafi: awa 48 ga allo ɗaya, kwana 40 ga alluna 20. Cika randa da cokali ke nan.

Mafita ɗaya ta rage, ramin USB. A nan ne ya kamata mai karatu ya fahimci abu guda, wanda shi ne gishirin zancen. A tsarin USB, ɓangarori biyu ba daidai suke ba. Akwai mai masauki, akwai baƙo. Mutanen zango sun san wannan tsari tun zamanin fatauci: maigida shi ke tambayar baƙo sunansa da garinsu da abin da ya kawo, shi ke nuna masa ɗaki. Kwamfuta mai masauki ce. Filas da madannai da firinta baƙi ne. Mai masauki ke ba da wuta ta volt 5, shi ke fara magana, baƙo ba ya cewa uffan sai an tambaye shi. Abin da baƙo ke iya yi kawai shi ne sallama: ya ɗaga ɗaya daga cikin wayoyin saƙo ta hanyar wata 'yar rezista, mai masauki ya gane an yi baƙo, ya tambayi lambar kamfani da lambar kaya, ya ba shi adireshi.

Abin da nake so shi ne allona ya zama baƙo tun yana matakin U-Boot, ya gabatar da kansa ga kwamfuta tamkar filas, in kwafa masa Linux kai tsaye cikin eMMC. U-Boot yana da umarni na wannan aiki: ums 0 mmc 1. Sifilin lambar ramin USB ce, ɗayan kuma lambar ma'adanar.

Dare na farko na rubuta umarnin, U-Boot ya ce bai san shi ba. Laifina ne. Watanni baya na zabtare saitunan don manhajar ta yi sauƙi, na kashe duk abin da ban ga amfaninsa ba a lokacin. U-Boot ba ya ɗaukar kayan da ba a ce ya ɗauka ba tun wajen haɗa shi. Na buɗe make menuconfig na kunna abubuwa huɗu. CONFIG_USB_GADGET shi ne babban makunnin zama baƙo. CONFIG_USB_GADGET_DOWNLOAD shi ne tushen ayyukan zuba manhaja. CONFIG_CMD_USB_MASS_STORAGE shi ke kawo umarnin ums. Na huɗu shi ne direban ɓangaren USB na ƙwaƙwalwar, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe, domin kowane iyali da nasa. A AM335x da yawancin ƙwaƙwalwan Allwinner, MUSB ne, saitinsa CONFIG_USB_MUSB_GADGET. A i.MX6 na NXP, CONFIG_CI_UDC ne. A STM32MP1, DWC2 ne. Idan ka kwafi saitin allon wani ba tare da duba wace ƙwaƙwalwa gare shi ba, ka sa wa jaki takalmin doki.

Dare na biyu umarnin ya samu, amma ya ce ya kasa tada ɓangaren USB. Na shafe awanni ina zargin walda, har na ɗauko madubin ƙara girma. Ashe matsalar a taswirar allo take, fayil ɗin da sunansa ke ƙarewa da .dts, wanda ke faɗa wa manhaja waɗanne kaya ne a kan allon da yadda aka haɗa su. A ciki akwai layi mai suna dr_mode, mai karɓar ɗaya daga kalmomi uku: host, peripheral ko otg. Na farko mai masauki, na biyu baƙo, na uku kuma mai iya zama ko wanne. Namu yana kan host, saboda a gwajin farko mun taɓa maƙala modem a ramin. Na gyara, na sake haɗawa, ba abin da ya sauya. Sai wajen ƙarfe biyun dare na gane cewa taswirar Linux nake ta gyarawa, alhali U-Boot yana da tasa kwafin a cikin jakarsa. Biyu ne, kuma ɗaya ba ta san abin da aka yi wa ɗayar ba. Na rubuta peripheral a inda ya dace, na tabbatar layin status yana kan okay. Shawarata ga mai bin wannan hanya ita ce ya rubuta peripheral ƙarara a matakin U-Boot, ya bar otg ga Linux.

Dare na uku komai ya yi kyau a ɓangaren allon. Na rubuta umarnin, wata 'yar sanda ta fara juyawa a fuskar kwamfuta, alamar baƙo ya shirya yana jiran a amsa sallama. Amma kwamfutar shiru. Na buga lsusb, babu sabon abu. Na duba dmesg, ko layi ɗaya bai ƙaru ba. Na auna wutar volt 5, tana isowa har ƙafar ƙwaƙwalwar da ke lura da ita, wadda in ba ta ga wuta ba allon ba zai san an haɗa shi da mai masauki ba. Duk abin da littafi ya ce na yi shi.

Ina zaune na haɗa kai da gwiwa sai ga kiran ƙanena daga Kano. Gyaran waya yake yi a kasuwar Farm Centre, bai wuce sakandare ba. Ya ji muryata ya ce, "Yaya, lafiya kuwa?" Na fara yi masa bayani sama-sama, ina ganin ba zai gane ba. Bai bari na ƙarasa ba. "Yaya, kwamfuta ba ta gani ko? Ka canza kebul?" Na ce kebul ɗin lafiya lau, wuta tana wucewa. Ya yi dariya. "Wuta daban, magana daban. Mu nan kullum sai mun jefar da irinsu. Na caji ne kawai."

Gaskiyarsa. Cikakken kebul na USB 2.0 wayoyi huɗu gare shi, biyu na wuta, biyu na saƙo. Akwai masu araha da ake sakowa cikin kwalin fitila ko ƙaramar fanka, waɗanda wayoyin wuta kaɗai ke ciki. A ido ba ka bambanta su. Wanda na ɗauko daga aljihun tebur irinsu ne. Na zare kebul ɗin wata tsohuwar kyamara na saka. Nan take kwamfuta ta nuna sabuwar ma'adana. Allo na farko ya ɗauki kimanin minti 20. Kafin la'asar ɗin washegari duka 20 sun tashi. Na tura wa ƙanena kuɗin kati, ya ce in ƙara, wai kuɗin ganin likita ne.

Akwai gargaɗi uku da nake so in bar wa ɗalibai masu irin wannan aiki. Na farko, idan allon ya bayyana a matsayin filas, ka duba sunansa da lsblk sau biyu kafin ka rubuta masa komai da dd. Harafi ɗaya ya kauce, ma'adanar kwamfutarka ce za ka shafe, da kundin digirinka a ciki. Na biyu, lambar kamfani da baƙo ke faɗa ba ta kowa da kowa ba ce. Ƙungiyar USB-IF ce ke raba su, misali 0x0451 ta Texas Instruments ce. A ɗakin gwaji ba laifi ka bar wadda ka tarar, amma kayan sayarwa suna buƙatar lambar da kake da izininta. Na uku, ƙofar da ta cece ka ita ce ɓarawo zai bi. Na'urar da aka kafa a gidan mutane da umarnin ums a buɗe, duk mai kebul da ɗan sani zai iya karanta abin da ke ciki ko ya sauya shi. Kafin kaya su fita, a rufe hanyar dakatar da U-Boot ko a sa mata kalmar sirri, a kuma duba tsarin sa hannu a kan manhaja.

Ba ums kaɗai ba ne hanya. Akwai DFU, wanda ke ba ka damar ware sassan ma'adana ta saitin dfu_alt_info, ka tura kowane sashe daban da manhajar dfu-util. Akwai kuma fastboot, wanda ya fito daga duniyar Android. Wannan na ƙarshe shi ne ya sa na daɗe ina tunani bayan kiran ƙanena. Abin da yake yi kullum, ya danne maɓallin rage murya da na kunnawa, waya ta tsaya a matakin tayarwa ta zama baƙuwar kwamfuta, shi ne ainihin abin da na kwana uku ina ginawa. Bambancinmu kaɗan ne. Shi yana shiga ƙofar da wasu suka gina, sau goma a yini, ya san duk inda take maƙalewa. Ni an koya mini gina ƙofar, amma ban taɓa tsayawa bakinta da kwastoma a kaina yana jiran wayarsa ba.

Da yawa daga cikinmu da ke karatu a waje muna da irin wannan ƙane ko abokin a Kano, Maradi, Kumasi ko Garwa. U-Boot kyauta ne, duk rubutunsa a buɗe yake, kuma allon koyo da ɗan kebul na siriyal ba su fi ƙarfin wanda ke aika kuɗi gida ba. Na riga na saya masa allo ɗaya, yana cikin jakar wani ɗan'uwa da zai sauka Kano wata mai zuwa. Mun yi alkawari duk daren Asabar zan nuna masa yadda ake haɗa manhajar tun daga tushe, shi kuma zai nuna mini yadda ake ɗaga eMMC da iskar zafi ba tare da an ƙona allo ba, abin da har yau hannuna ke rawa in na zo yi.

Na gabatar da aikin a ranar da aka sa. Wancan kebul ɗin kuwa na yanke shi biyu da almakashi kafin in jefar, kada wani ɗalibi ya tsince shi. Sai mako mai zuwa.