Tsohuwar jif a zamanin tsadar dala: gyaran da ke raya mota da wanda ke kashe ta

Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, dala kuma tana wajen naira 460 a kasuwar hukuma. A ranar ce Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, bayan kamar makonni biyu kuma Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa. Zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, a watan Oktoban shekarar kuma lita ta wuce naira 1,000 a Abuja.

An yi ta maganar abin da wannan ya yi wa farashin shinkafa da kuɗin makaranta. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne yadda ya canza dangantakar mutum da motarsa. A da, ma'aikaci mai matsakaicin albashi kan hau 'yar Beljiyam shekara biyar ko shida, ya sayar, ya cika kuɗi ya ɗauko wata. Yanzu wannan hanya ta toshe wa mafi yawan mutane. Da dala ake sayen motar a waje, da dala ake biyan jirgin ruwa, kwastam ma da canjin dala take lissafa harajinta. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, wato hanyar Kwatano da mutanen Arewa suka saba da ita. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, wanda ke da mota mai tashi ya san in ta mutu, da wuya ya sake mallakar wata nan kusa.

Abin ya fi taɓa masu ƙananan motocin nan masu ja da ƙafa huɗu: tsofaffin Toyota RAV4, Honda CR-V, da Suzuki irin su Vitara da Jimny. Ba motocin ƙawa ba ne. Su ne na ma'aikacin lafiya da ke shiga ƙauye da damina, da ɗan kasuwar da ke cin kasuwannin mako, da manomin da gonarsa ke bayan rafi. RAV4 ta fara fitowa a 1994, CR-V a 1995, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a titunanmu ƙirar farkon shekarun 2000 ne, sun haura shekara ashirin. Wani rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce daga 2015 zuwa 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kusan kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka zo. Wato dama a tsufe suka iso.

A wasu hanyoyinmu kuwa, mutuwar mota ta wuce batun kuɗin bakanike. Wanda injinsa ya tsaya da la'asar sakaliya tsakanin Kaduna da Birnin Gwari, ko tsakanin Funtuwa da Gusau, ba lissafin kuɗin gyara yake yi ba a lokacin.

Dabarun rage kuɗi da ke ƙara kuɗi

Da mai ya yi tsada, shawarar farko da mai irin wannan mota ke ji a gareji ita ce a cire farfela, dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya. Hujjar tana da daɗin ji: taya biyu ba za su sha mai kamar huɗu ba. Sai dai motocin ba iri ɗaya ba ne. CR-V dama da tayoyin gaba take tafiya, sai gaban ya fara sulɓi sannan baya ya kama. Wanda ya cire mata farfela bai rage wani mai na a zo a gani ba, ya dai yar da abin da ya sa ya sayi motar. Ita kuwa RAV4 ƙirar 2001 zuwa 2005 mai ƙafa huɗu, kullum da huɗun take ja, akwai na'ura a tsakiya da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. In aka zare farfela aka bar wannan na'ura a yadda take, ƙarfin zai riƙa tsere wa ta ɓangaren da ba kaya, sai abin da ke riƙe ɓangarorin biyu ya ɗauki nauyin da ba a yi shi dominsa ba, ya yi zafi, ya ƙone. Mai motar ba zai ga illar a makon farko ba. Wata rana dai zai taka totur, inji na kuka, mota na jan ciki.

Gaskiyar lamarin, sau da yawa ba don mai ake cire farfelar ba. Ta fara gurnani ne saboda boris ɗin tsakiya ko kuros ya ci, cirewa kuma ta fi gyara sauƙi ga bakanike.

Jimny da tsohuwar Vitara nasu tsarin daban ne. Direba ne ke saka ƙafa huɗun da kansa, kuma ba su da waccan na'ura mai raba ƙarfi a tsakiya. A yashi ko taɓo lafiya lau. A kan busasshiyar kwalta kuwa, tayoyin gaba da na baya ba sa yin tafiya daidai a kwana, babu kuma inda bambancin zai tafi, sai ya taru a cikin ƙarafa har wani ya karye. Wanda ya fito daga gona ya manta bai mayar da ita ƙafa biyu ba, shi ke karya motarsa da hannunsa.

Na biyu shi ne tamostat, ɗan ƙaramin bawul da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi. Kusan al'ada ce a ƙasar nan a cire shi da zarar mota ta sauka, a ce na ƙasar sanyi ne, a kuma haɗa fanka ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli. A ganina wannan ce ɓarna mafi yaɗuwa a garejinmu. Ana sayar da waɗannan motoci a Saudiyya da jihar Arizona ta Amurka da tamostat ɗinsu, kuma zafinsu bai gaza namu ba. An ƙera injin ne ya yi aiki a kusan digiri 90. In ya daɗe bai kai ba, kwamfutar motar za ta ɗauka har yanzu a sanyaye yake, ta ci gaba da ƙara masa mai. Mutum ya cire farfela don rage shan mai, ya kuma cire tamostat ya ƙara shi. Motar da ke zafi akwai dalilinta: lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko murfin lagireton ya daina riƙe matsi. Toshewar kuwa yawanci daga ruwan rijiya da ake ɗura mata ne a maimakon ruwan sanyaya inji, domin shi ke kawo tsatsa da ƙanzo a ciki. A injinan Toyota na wancan zamani masu jikin alminiyam, zafi ɗaya mai tsanani na iya ƙona gaskit, wani lokacin har ya tsinke zaren kusoshin kan inji.

Sai abin da kanikawa ke kira indomi, matatar hayaƙi da ke cikin salansa. Akwai ma'adinai masu tsada a cikinta irin su filatinam, shi ya sa take da masu saye, shi ya sa kuma shawarar a fasa ta ba kullum take zama don Allah ba. Bayan gurɓata iska, cire ta na sa fitilar gargaɗin inji ta kunnu ta zauna. Daga nan mai mota ya saba da ita, ko a manna mata baƙin tef. Ranar da matsala ta gaske ta zo, babu abin da zai sanar da shi.

Ciwon da kowace ta gada

Kowace ƙira tana da ciwonta da aka sani, kuma sanin sa kafin shiga gareji na iya tsare wa mutum albashin wata da watanni. RAV4 mai giyar otomatik ƙirar 2001 zuwa 2003 ta yi suna da fizga in za ta canza giya. Asalin matsalar a kwamfutar inji take, wadda ake kira birenbos, har sai da kamfanin Toyota ya tsawaita garantin wannan ɓangare a Amurka. A nan kuwa da mota ta fara fizga sai a ce giyabos ne. A sayo na Beljiyam a ɗaura a ƙarƙashin tsohuwar kwamfutar, ita kuma ta cinye shi kamar yadda ta cinye na farko. Ƙirar 2006 zuwa 2008 mai inji lita 2.4 an san ta da shan baƙin mai saboda ringin fistin, don haka mai ita ya riƙa zaro sandar awo duk mako, kada ya jira ranar juye.

CR-V kan yi gurnani daga baya in ana shan kwana a hankali. Yawanci man aksul ɗin baya ne ya tsufa, kuma irin nasa na musamman yake so, wanda Honda ke kira Dual Pump Fluid. Juye shi kan kashe ƙarar. Zuba masa man giya na gama-gari, kamar yadda ake yi wa Hilux, shi ke kashe aksul ɗin. CR-V ta farko kuma da bel take tafiyar da bawul-bawul ɗinta, in ya tsinke ana tafiya fistin kan buge su su lanƙwashe. Jimny kuwa in sitiyari ya kama rawa bayan an faɗa rami, a fara duba boris ɗin ƙafar gaba kafin a zargi taya.

A nan akwai wani ƙaramin abu da ke rikita mutane. Motar da ta zo daga Amurka da mil take ƙirga tafiya, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. In agogo ya nuna 150,000, ta yi kilomita 240,000 ke nan, in ma ba a mayar da agogon baya ba.

Taya ma ta shiga lissafin. Tsada ta sa ana sayen gwanjo ɗaya-ɗaya, wannan ƙirar daban, wancan girman daban. A mota mai ja da ƙafa biyu abin bai wuce rashin daɗin tuƙi da haɗarin fashewa ba. A mai ja da huɗu kullum, taya mai ɗan ƙanƙanta tana juyawa fiye da sauran, na'urar tsakiya kuma ta ɗauka sulɓi ake yi, ta yi ta aiki ba hutu. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna ranar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Duba su ba ya cin ko kwabo.

Kasuwa da gwamnati

Duk wannan ya dogara ga abin da ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas. Mai saye na tsakanin zaɓi uku: sabo na asali wanda ya fi ƙarfin aljihu, sabo mai araha wanda ba a san ingancinsa ba, da na Beljiyam wanda aka ciro daga motar da ita ma ta tsufa. Ra'ayina shi ne ƙarfe kamar giyabos ko aksul, na Beljiyam ya fi jabu. Amma roba da bel da takalmin birki da filta, shekaru ke cinye su ko ba a yi aiki da su ba, sayen tsohonsu asara ce. Filtar iska musamman, a ƙasar da hunturu ke cika sama da ƙura, busa ta da iska a wurin mai faci ba ya mayar da ita sabuwa, har yakan huda ta.

Amsar da gwamnatin tarayya ta bayar ga tsadar fetur ita ce shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG, wanda aka ƙaddamar a 2023. Gas ɗin ya fi fetur araha, wannan ba musu. Amma ga mai tsohuwar ƙaramar jif, lissafin bai miƙe ba. Tukunyar na da nauyi, tana cinye but ɗin da dama ƙarami ne, tana kuma zama a kan shokozoba da suka riga suka gaji. Gidajen sayar da gas ɗin a birane suke, wannan mota kuwa aikinta a ƙauye ne. Sannan matsin da ke cikin tukunyar ya kai ninki 200 na iskar da muke shaƙa. A Oktoban 2024 wata mota da aka ɗaura wa tukunyar da ba ta ƙa'ida ba ta tarwatse a wani gidan gas a birnin Benin, mutane suka jikkata. Aikin ba na mai walda ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne manufofin motoci a Najeriya sun fi karkata ga tashar jirgin ruwa da masana'antar haɗa sababbi, alhali motocin da ke ɗaukar jama'a a gareji suke rayuwa. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da soket ɗin da ake jona na'urar gano matsala, yau kuma akwai ƙaramar na'urar da ke aiki da wayar hannu, wadda kuɗinta bai kai na cika tanki ba. Amma har yanzu yaron gareji na koyon sana'a da kunne da gwaji, a canza wannan, in bai yi ba a canza wancan, mai mota na biya. Horar da kanikawa kan lantarkin mota, da sa ido na gaske daga hukumar SON kan jabun baƙin mai da takalmin birki, za su fi taɓa rayuwar masu waɗannan motoci fiye da duk wani bikin ƙaddamar da sabuwar ƙira.

Akwai kuma lokacin da gyara ya zama zuba ruwa a kwando. Inji ana saukewa a ɗaura wani, giyabos ma haka. Amma motocin da suka fito daga Kanada da arewacin Amurka sun yi shekaru suna taka gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara, kuma RAV4 da CR-V ba su da shasi daban, bodin ne ƙashin bayansu. In tsatsa ta cinye wurin da ƙafar baya ke ɗaure da bodi, faci da walda ba sa mayar da ƙarfin wurin. Kafin mutum ya kashe kuɗin sabon inji, ya sa a hau da motar kan rami, ya shiga ƙarƙashinta da tocila da sukudireba, ya cakkaki ƙarfen da kansa.