Ɗanyen Nama Ga Kare Mai Ƙaiƙayi: Lissafin Bai Fita Ba

A watan Yunin 2023 ne Babban Bankin Nijeriya ya bar wa kasuwa ta yanke wa Naira daraja, kuma kafin ƙarshen watan Fabrairun 2024 Dalar Amurka ɗaya, wadda a da ake canzawa a kan kimanin Naira 460 a hukumance, ta haura Naira 1,500. Duk wata haja da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta ji a jikinta, har da busasshen abincin karnuka na buhu, wanda akasarinsa daga ƙetare ake kawo shi. Masu kiwon karnukan gadi a Legas da Abuja da Jos da Fatakwal sun shiga neman mafita, kuma wadda aka fi tallata musu ita ce su koma ba kare ɗanyen nama da ƙashi da kayan ciki. Hujjar da ta fi cin kasuwa kuwa ba ta kuɗi ba ce, ta lafiya ce: wai idan kare na yawan susa, gashinsa na zuba, kunnensa na ruwa, to jikinsa ne ya ƙi abincin buhu, ɗanyen nama ne maganinsa.

Wannan ra'ayi ba a nan aka haife shi ba. Wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Ostareliya, Ian Billinghurst, shi ne ya yayata shi a wani littafi da ya fitar a 1993, inda ya nuna cewa tun da kare dangin kyarkeci ne, kamata ya yi ya ci irin abin da kakanninsa suka ci a daji. Magana ce mai daɗin ji. Sai dai ga mai kare da ke zargin rashin jituwa da abinci, tambayar da ke gabansa daban take, kuma amsarta ba ta rataya a kan ɗanye ko dafaffe ba.

Abin da jikin kare ke yi wa bore shi ne nau'in furotin da ke cikin abincin. A 2016 wasu masana uku, Mueller da Olivry da Prélaud, sun tattara rahotannin karnuka 297 da aka tabbatar suna da wannan larura. Naman shanu ne ya zo kan gaba da kashi 34 cikin ɗari, sai madara da dangoginta da kashi 17, naman kaza kashi 15, alkama kashi 13. Wato dai naman shanu da kaza, waɗanda su ne mafi saukin samu a wurin mahauci kuma su ne aka fi zubawa a kwanon ɗanyen abinci, suna cikin manyan waɗanda ake tuhuma. Kare da jikinsa ya ƙi naman shanu a cikin buhu ba zai karɓe shi ba don an kawo masa shi da jininsa daga kwata.

Hasali ma, kafin a kai ga zargin abinci akwai masu laifi da suka fi kusa. Ƙuma da kaska da kirci, da kuma rashin jituwa da ƙura ko ƙwayoyin furanni, sun fi abinci yawan sa kare susa, balle a ƙasa mai zafi da damina irin tamu. Mai kare da ya sauya abinci ba tare da likita ya kankari fatar ya duba ba, yana iya kashe kuɗin wata shida a kan cutar da maganin ƙuma na ɗan lokaci zai kawar.

Ba ina cewa masu ba da shaidar karensu ya warke ƙarya suke yi ba. Yakan faru. Amma wanda ya bar abincin buhu ya koma ɗanye ya sauya abubuwa da yawa a rana ɗaya: ya cire alkama, ya cire madara, wataƙila ya sauya nama, wataƙila kuma ya soma yi wa karen wanka a kai a kai, ko yanayi ya juya ƙuma ta ragu. A fannin tattalin arziki, wanda ya sauya farashi da talla da wurin shago lokaci guda, ciniki ya ƙaru, ba shi da ikon ya ce ga wanda ya jawo ribar. Haka nan ma abin yake.

Hanyar da likitocin dabbobi suka amince da ita mai sauƙin fahimta ce, wuyarta haƙuri. Ana ba kare nama iri ɗaya tak wanda bai taɓa ci ba, misali zomo, tare da abu mai sitaci iri ɗaya kamar dankali, ko kuma abinci na musamman da aka farfasa furotin ɗinsa. Ana yin haka har mako takwas aƙalla, babu ƙashin miya, babu ragowar tuwo, babu biskit daga hannun yara. Idan ƙaiƙayin ya lafa, sai a dawo da tsohon abincin. In ya tashi cikin mako biyu, an kama mai laifi. Gwajin jini da wasu ke biya da tsada ba ya ba da amsar da za a dogara da ita. Kuma duk wannan ana iya yin sa da dafaffen nama. Ɗanyantaka ba ta ƙara wa gwajin komai sai haɗari.

A kan haɗarin ne lissafin ya fi karkacewa. Tsakanin 2010 da 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gwada samfuri 196 na ɗanyen abincin dabbobi da ake sayarwa, ta sami ƙwayar Salmonella a 15, Listeria a 32. Wannan a ƙasar da wutar lantarki ba ta ɗaukewa ke nan, nama na tafiya cikin sanyi daga mayanka har gida. Mu kuwa mun san yadda nama ke yini a kan tebur a kasuwa, mun kuma san abin da ke faruwa da firiza idan wuta ta yi kwana biyu ba ta leƙo ba. Daskarewa ma ba ta kashe Salmonella. Kare na iya ɗauke da ita bai nuna alamar komai ba, yana zubar da ita a kashinsa a tsakar gidan da yara ke rarrafe.

Akwai kuma wanda ya fi shafarmu. A hanta da huhun raƙuma da shanu da tumaki ana samun wasu ƙululun ruwa na tsutsar da ake kira Echinococcus, kuma an sha ganin su a mayankan ƙasar nan. Idan kare ya ci su ɗanye, tsutsar na girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita ta kashi, ya shiga cikin mutum ya yi ƙululu a hanta ko huhu, wanda sau da yawa sai an yi tiyata. Ga tarin fukan shanu, ga cutar Antaraks da gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023. Kuɗin asibitin yaro, ko na mai gadi da ke wanke kwanon kare da hannunsa, ba ya cikin farashin kilon nama, amma wani ne zai biya shi, kuma galibi wanda ba a yi shawara da shi ba.

Ko a zahirin kuɗi ma arhar ba ta tabbata ba. Masu wannan tsari kan ba babban kare kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na nauyinsa a kullum. Kare mai kilo 35 zai ci gram 700 zuwa kilo ɗaya a rana, wato kilo 21 zuwa 30 a wata. Mai karatu ya ninka wannan da farashin kilo a kasuwarsu, ya ɗora kuɗin man janareta. Wanda ya tsuke ya ba da tsokar nama zalla kuwa ya jawo wata matsalar, domin nama na da fosfaras da yawa da kalsiyam kaɗan, abin da ke lanƙwasa ƙashin kwikwiyo tun yana tasowa. Ga wanda ya sayi ɗan Rottweiler ko Boerboel da dubban ɗaruruwa don gadi, wannan asarar jari ce.

Gaskiyar da masu ɗanyen nama suka taɓo ita ce, abinci na musamman da likita ke rubutawa daga waje yake zuwa, kuma ya fi ƙarfin aljihun mutane da dama. Wannan giɓi na kasuwa ne, masana'antunmu na abincin kaji da kifi ne ya kamata su cike shi, da dafaffen abinci mai nama iri ɗaya da aka rubuta duk abin da ke cikinsa a jikin buhu. Ga masu kiwon zomo kuma, ga ƙofar ciniki. Hukumar NAFDAC, wadda abincin dabbobi ke ƙarƙashin kulawarta, ya kamata ta nemi duk mai sayar da daskararren ɗanyen abinci da sunan maganin ƙaiƙayi ya nuna rajistarsa, da mayankar da ya ɗauko naman, da sakamakon gwajin ƙwayoyin cuta na kowane kaso da ya fitar.