Hannun da aka saba gani da ƙoƙon bara

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin da ake duba yara masu tamowa a Maraɗi ko Damagaram ya san yadda aikin yake. Ana zagaya damtsen yaro da zaren awo, in ya tsaya a kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani. Ana danna bayan ƙafarsa a ga ko yatsa zai bar rami. A ɗora shi bisa sikeli, a rubuta nauyi, a lissafa ƙunshi nawa na Plumpy'Nut, abincin gyaɗar nan, zai ci a yini. Abin da ya rage duk na baki ne: me aka dafa jiya, yaushe aka yaye shi, wa yake cin tuwo tare da shi a akushi ɗaya. To, a cikin waɗannan wanne ne zai gagari mutumin da yake bisa keken guragu?

Amma duk da haka da wuya a ga gurgu ko kurma ko makaho sanye da farar riga a wannan fage. Ba a rubuta a ƙofar kowace makaranta cewa kada su shigo ba, ginin da kansa yake korar su. Aji yana bene, matakala kuma ba gangara. Teburin ɗakin gwaji an yi shi ne don mai tsaye. Takardar shaidar lafiya da ake nema wajen shiga ta zama rariya, alhali shan inna da ta taɓa ƙafar yarinya tana shekara uku ba ta taɓa lissafinta ba. Wadda ta tsallake duk wannan sai ta tarar da shugaban sashe a wurin koyon aiki, ya dube ta da tausayi ya ce, "Baiwar Allah, wahalar nan ta fi ƙarfinki." Tausayin nan ya fi matakala tsawo.

Asalinsa kuwa sabo ne. Ido ya saba ganin naƙasasshe a matsayin wanda ake zuba wa abinci, a bakin masallaci ko a layin rabon tallafi. Shi ya sa hankali yake ƙin ɗaukar cewa hannun da aka saba gani da ƙoƙon bara zai iya riƙe alƙalami ya tsara wa mai hawan jini gishirin da zai ci.

Doka dai ba ta rasa ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, sashe na 27 nata kuma ya yi magana ƙarara a kan haƙƙin aiki. Ghana tana da dokarta tun 2006. Najeriya ta sa hannu a tata a watan Janairun 2019, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Sai dai gurbin aiki ba ya amfanar wanda aka hana takardar da ake neman gurbin da ita.

Masu kare halin da ake ciki suna cewa aikin lafiya ba wurin gwaji ba ne, rai ne a hannu. Gaskiya ne, kuma makaho ba zai bambance ja da ɗorawa a zaren awo ba. Amma wane ma'aikaci ne yake yin komai shi kaɗai? Mai gani ma wani yake riƙe masa yaro, wani ya ɗebi jini. Akwai sikeli mai faɗin nauyi da murya, akwai manhajar da take karanta abin da ke fuskar kwamfuta. Kuma Nijar ce ƙasar da bai kamata wannan hujja ta yi tasiri a cikinta ba, domin a Mirriya ƙungiyar ALIMA ta miƙa zaren awo ga iyaye mata, da yawansu ba su taɓa shiga aji ba, aka kuma tarar awonsu bai gaza na ma'aikatan sa-kai da aka horar ba. An yarda uwa a ƙauye za ta iya, sai a kan ɗalibar da ta ci jarrabawar kimiyya da sandar dogarawa ake ɗari-ɗari?

Hasarar ma ba ta tsaya kan waɗanda aka rufe wa ƙofa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, kusan kashi 16 cikin 100 na jama'ar duniya, suna rayuwa da naƙasa mai tsanani, kuma su ma suna layin masanin abinci. Ciwon suga yana makantarwa, yana sa a yanke ƙafa. Wanda ya makance da shi ana miƙa masa takardar abin da zai ci da wanda zai ƙaurace wa, kamar idonsa zai dawo don ya karanta. Kurma mai juna biyu tana zuwa awo, a yi wa mai rakiyarta bayanin zogale da wake da hanta, ita tana kallon bakuna, alhali maganar hannu harshe ne cikakke a ƙasar Hausa. Ma'aikaciya kurma ɗaya za ta yi bayanin nan kai tsaye, ba tafinta. Masanin da bai taɓa dafa abinci da hannu ɗaya ba zai ce a dinga yanka ganye kullum, bai san abin da ya ɗora wa wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba.

Abin da ake nema daga makarantun koyon aikin lafiya ba rangwamen maki ba ne. A auna ɗalibi a kan ko ya gane tamowa kuma ya tsara magani daidai, ko da zaune ya yi, ko da baki ya amsa. A rubuta ainihin abin da aikin yake buƙata, a daina barin likitan da ke cike takardar shaida yana yanke hukunci da kallon ƙafa. A sauko da aji ɗaya ƙasa, a rage wa tebur ɗaya tsawo, a zuba gangarar siminti a ƙofar ɗakin gwaji kafin a buɗe rajistar ɗaliban baɗi.