A Tambayi Mutanen Rano Kafin a Taɓa Rawaninsu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Rano ranar hawan Sallah ya san jama'ar da ke cika filin ba gayyato su aka yi ba. Tun da hantsi mutane ke kwararowa daga Kibiya da Bunkure da Rurum, wasu a babur, wasu a ƙasa, yara a kan kafaɗun iyayensu. Da an busa kakaki, dogarai sun bayyana cikin ja da kore, sai ka ji guɗa ta tashi daga ɓangaren mata, hakimai su sako dawakai a guje, su ja linzami gaban sarki su ɗaga hannu su yi jinjina. 'Yan siyasa kan dubi wannan cincirindo su ɗauka ƙuri'a ce ga wanda ya naɗa sarkin. A ganina sun yi kuskuren karatu. Abin da ya fito da talaka cikin rana shi ne martabar garinsu, kuma saboda haka ne nake ganin bai halatta a riƙa ɗaga sarautar Rano ana saukewa ba tare da an ji ta bakin masu ita ba.

Tarihi kansa ya isa shaida. Rano ɗaya ce daga Hausa Bakwai, ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini, kuma har yau kirarin sarkinta Autan Bawo. Amma a cikin shekara arba'in da 'yan kai, sau biyar hannun gwamnati ya juya wannan sarauta. A 1981 Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga darajarta tare da Gaya da Ƙaraye da Dutse da Auyo, a 1983 Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya soke. A 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya mai da ita masarauta mai daraja ta ɗaya da ƙananan hukumomi goma, aka ba Tafida Abubakar Ila sanda, da ya rasu a watan Mayun 2020 aka naɗa Kabiru Muhammad Inuwa, wanda yake hakimin Kibiya. Ranar 23 ga Mayun 2024 majalisar dokokin jiha ta rushe masarautun da Ganduje ya kafa, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar, aka ba sarakuna kwana biyu su bar fada. Kafin ƙarshen watan Yuli an dawo da Rano a matsayi na biyu, da Rano da Bunkure da Kibiya kaɗai a ƙarƙashinta, aka naɗa Muhammad Isa Umar. A duk waɗannan juye-juye, jam'iyyu sun bambanta, dalilai sun bambanta, amma hanya ɗaya ce: a yanke a birni, a aiko wa ƙauye labari.

Ɓarnar ba ta tsaya kan wanda aka cire wa rawani ba. Sarkin yanzu ba shi da 'yan doka, ba shi da kotu, ba ya karɓar haraji, tsarin mulkin 1999 ma bai ba shi wani aiki ba. Jarinsa guda ne, wato kwarjini. Da shi dagaci ke zaunar da manomi da makiyayi a gindin bishiya bayan shanu sun shiga gona, da shi mai unguwa ke shawo kan magidancin da ya ƙi a ɗiga wa 'ya'yansa maganin shan inna, da shi hakimi ke raba gardamar iyakar gona kafin ta kai gaban alƙali. Idan talaka ya gane cewa rawanin nan zaɓe ne ke kawo shi, zaɓe kuma ke tafiya da shi, zai fara duban sarki da idon jam'iyya, rabin gari su yi mubaya'a rabi su jira lokacinsu. Ranar da rikici ya tashi, babu muryar da kowa zai saurara.

Akwai masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne, sarauta ragowar zamanin zalunci ce, hawa kuma almubazzaranci ne a ƙasar da asibiti ba magani. Wannan magana tana da tushe, kuma Kano ce mahaifarta: a nan aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, a nan Malam Aminu Kano ya koya wa talaka cewa ba dole ne ya durƙusa wa azzalumi ba. Amma abin da aka yaƙa shi ne bulala da aikin tilas da haraji marar tausayi, kuma an karɓe waɗannan daga hannun sarakuna tun tuni. Batun kuɗi kuwa, a bi doki guda a gani. Kafin ya fito fili, baduku ya ɗinka masa kaya, maƙeri ya gyara linzami da likkafa, mai harawa da mai dusa sun yi ciniki wata guda, maɗinki ya kwana kan riga da alkyabba, mai algaita ya samu na cefane. Galibin wannan kuɗi daga aljihun masu hawan yake fita, a cikin gari kuma yake yawo. Inda ya kamata a tsananta tambaya shi ne kason da majalisar masarauta ke karɓa daga kuɗin ƙananan hukumomi: a bayyana nawa ne, a faɗi inda ya tafi. Mai ƙaunar sarauta ne ya fi cancanta ya nemi wannan, domin abin da kake so shi kake tsarewa daga zargi.

Wasu kuma na cewa raba masarautar Kano rage mata girma ne, Rano ta haƙura ta zauna ƙarƙashin Gidan Rumfa kamar yadda ta daɗe. Wannan ra'ayi ne da mutanen kirki ke riƙe da shi, har a cikin Rano akwai masu shi. To, shi ya sa ake bukatar a tambaya. Ko a ɗaga ko a sauke, a zo Rano, a zo Kibiya, a zauna da masu zaɓen sarki da malamai da 'yan kasuwa da manoma da mata a bainar jama'a, a kuma rubuta a doka cewa ba za a ƙirƙiri masarauta ko a rushe ta ba sai an bi wannan hanya, an kuma ba da lokaci. Hukuncin da ya fito daga irin wannan zama, gwamnan da zai zo gobe zai ji nauyin taɓa shi.

Mun riga mun ga kuɗin da ake biya idan aka ƙi. A watan Disambar 2024 UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya wajaba a adana, alhali a Babbar Sallar shekarar 'yan sanda sun hana hawa saboda takaddamar sarakuna biyu a birni, suka sake hanawa a Ƙaramar Sallar 2025, kuma hanin ya shafi jihar baki ɗaya. Yaron Kibiya da ya shekara yana jiran ganin dawakai ba shi da hannu a rigimar sarakunan nan biyu na birni, haka ma badukun da ya ci bashin fata yana sa ran ciniki. Su ne suke raya wannan al'ada da ƙafafunsu da guminsu, su ne kuma ba a taɓa shawartarsu. Gwamna wa'adinsa shekara huɗu ne ko takwas, ganuwar Rano kuwa ta ga wucewar masu mulki da yawa. Wanda zai zauna da sarki har tsufansa, shi ya kamata a fara tambaya.