Kafin ka saya wa yara kwamfutar gem, fara duba batirin gidanka

Jama'a, hutun makaranta ya kawo jiki, kuma tambayar da iyaye suka fi yi mini kwanakin nan ita ce: za mu sayi kwamfutar tebur ta gida, yara su yi karatu su kuma buga gem, shin dole ne sai da katin girafik, ko wanda ke cikin firosesa ya wadatar? Ni dai ra'ayina, ga mafi yawan gidajenmu, a fara da na cikin firosesa, a bar gurbin katin a buɗe. Bari in faɗi dalilina.

Girafik shi ne ɓangaren da ke zana hoton da kuke gani a sikirin. Iri biyu ne. Akwai wanda aka gina a cikin firosesa, ba shi da ma'ajiya tasa, daga RAM ɗin kwamfutar yake yagar rabonsa. Akwai kuma kati mai zaman kansa, irin na Nvidia ko AMD, da tasa ma'ajiyar, da nasa fankoki, da nasa cin wutar. Katin ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, wannan babu musu. Abin tambaya shi ne ko gidanka zai iya ciyar da shi.

Mu ɗauki lissafi. Ryzen 5 5600G, wanda AMD ta fitar a 2021, an tsara shi a kan wat 65, har da girafik ɗinsa a ciki. Katin RTX 3060 shi kaɗai wat 170 ne, RTX 4060 kuma 115, ban da firosesa da sikirin. Kuɗin mita bai kai abin tashin hankali ba: wat 170 na awa huɗu kullum yunit 20 ne da ɗoriya a wata, ko da farashin Band A da ya haura naira 200 tun Afrilun 2024. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da aka ɗauke wuta. Batirin inbata mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da kamar wat-awa 2,400, kuma in na ruwa ne, rabin haka ake so a sha don kada ya mutu da wuri. Kwamfutar da ke jan wat 120 za ta yi kusan awa goma a kai. Wadda ke jan 300 awa huɗu ta shanye shi. Wannan batirin kuwa shi ke riƙe da fankar da kowa zai kwana da ita a watan Afrilu. Yaro ya ci kofi da yamma, gida ya kwana cikin gumi, ai ba a yi riba ba.

Sai farashi. Da dala ake sayo kayan nan, kuma kowa ya san inda naira ta nufa tun Yunin 2023. RTX 4060 ya fito a dala 299 a Amurka, kafin a ɗora kuɗin jirgi da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Kuɗin wannan kati ɗaya zai iya ƙara maka RAM, ya sayi SSD, ya sayi UPS mai kyau, har ka ga canji. A garin da wuta ke zuwa tana komawa babu sallama, wallahi UPS ya fi kati muhimmanci.

To me yaran ke bugawa ma? Ku tambaye su. Yawanci Roblox ne, Minecraft, eFootball, Fortnite, GTA V. Duk waɗannan suna tafiya a kan 5600G ko ƙaninsa 8600G na 2024, idan an ɗan sassauta kyan hoto a saiti. Yaro ɗan shekara goma da ke kokawar zura ƙwallo a ragar yayansa ba ya tsayawa ƙirga ciyawar fili.

Amma fa akwai sharuɗɗa, kuma a nan ake yawan tafka asara. Na farko, tunda girafik ɗin daga RAM yake ci, a sa sanda biyu masu 8GB maimakon ɗaya mai 16GB. Hanya biyu ta fi ɗaya sauri, kuma a gem bambancin a fili yake. Na biyu, ku kula da harafin ƙarshe na sunan firosesa. Na Intel mai F a ƙarshe, kamar i5-12400F, ba shi da girafik sam, in babu kati ko hoto ba za ku gani ba. Na uku, tsofaffin kwamfutocin ofis ƙanana da ake kawowa na hannu suna da araha, amma akwatinsu matsattse ne, na'urar wutarsu ƙarama, girafik ɗinsu kuma na aikin takardu ne. Gobe in ka so ƙara kati babba, babu inda zai shiga. A nemi akwati mai fili da na'urar wuta mai wat 500 zuwa 550 daga kamfanin da aka sani.

Ban ce kati ba shi da ranarsa ba. Idan kana da saurayi ko budurwa a gida da ke koyon haɗa bidiyo, ko zanen gine-gine, ko Blender, kati jari ne, don sana'a ake koya. Haka in manyan gem irin su Cyberpunk 2077 ko sababbin Call of Duty ake so, kuma solar gidan ta isa, to bismilla. Sai dai a yi hattara da na hannu. Tun da Ethereum ta daina haƙa da kati a Satumbar 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya. Kada ka biya sai an kunna maka gem na aƙalla rabin awa a gabanka, ka ji ƙarar fanka, ka ga zafinsa. Ga kuma ƙurar hunturu da zafin bazara da ke haura digiri 40, duka biyun ba sa raga wa kati, sai da yawan sharewa.

Abin da ya sa na fi son a fara da ƙarami shi ne ƙofa ba ta rufe ba. Ranar da yaran suka girma, buƙata ta bayyana, aljihu ya yarda, sai a sayo kati a soka a gurbinsa, sauran kayan duk suna nan. Wanda kuwa ya zuba kuɗinsa kaf a kati tun farko, ya rage RAM, ya tsallake UPS, da wuya ya dawo da abin da ya fita. Daidai ruwa daidai tsaki.

Kuma don Allah a ajiye ta a falo inda ido ke kaiwa, a yanka wa yara lokaci. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a abin da muke nema.