Ku kashe sautin, ku sake kallon bidiyon

Jama'a, ku gwada wani abu yau. Ku nemo bidiyon masu wasan ganganci, irin masu dirowa daga ƙololuwar dutse da rigar fukafukai ko masu tashi sama da babur, ku kashe sautin, ku kalla. Wallahi gabanku zai faɗi. Ku mayar da kiɗan, nan take sai ka ji kamar kai ma za ka iya. To wannan ita ce matsalata da masu cewa "ai kiɗa ne kawai".

Mu Hausawa bai kamata a yi mana bayanin ƙarfin kiɗa ba. Ɗan dambe yana zaune lafiyarsa, kalangu na tashi sai tsuma ta kama shi. Ɗan Anace ya san abin da yake yi wa Shago. Amma makaɗin dambe yana bakin fili, in jini ya zuba a idonsa ya zuba. Shi kuwa mai haɗa sautin waɗannan finafinai yana ɗaki mai sanyi, ya yanke wurin da aka faɗi, ya daidaita dukan ganga da daidai lokacin da aka yi tsalle, ya miƙo mana zallar daɗi.

Ku ɗauki fim ɗin Free Solo. A 2017 Alex Honnold ya hau dutsen El Capitan na Amurka, tsayin kusan mita 900, ba igiya, cikin ƙasa da awa huɗu. Fim ɗin ya ci Oscar a 2019, kuma na yaba masa: kiɗan Marco Beltrami yana ƙara maka fargaba ne, an nuna yadda mutumin ya daɗe yana atisaye da igiya, har an nuna mai ɗaukar hoto yana kau da kai don ya kasa kallo. Amma abin da ke yawo a TikTok fa? Daƙiƙa talatin, an cire atisayen, an cire tsoron, an liƙa kiɗa mai zafi.

A wannan gandun na Yosemite ne Dean Potter, gwanin gwanaye, ya mutu a 2015 garin dirowa da rigar fukafukai. Ranar babu ganga.

Wani zai ce wannan harkar Turawa ce, ina ruwanmu? Leƙa wayar ƙaninka. Yaran da ke ɗaga tayar babur a kan kwalta da masu wasan mota a wurin biki, duk sai sun ɗora waƙa kafin su saki bidiyon. Salon iri ɗaya ne, sai dai su ba hular kwano, ba motar asibiti a gefe.

Ban ce a hana kiɗa ba. Na ce mai ɗora shi ya san yana da hannu a ciki. In za ka sa mana ganga a kan tsalle, to ka nuna mana karaya ma. Ku kuma masu turawa da tafi, in yaron ya faɗi, uwarsa ce za ta kwana a asibiti, ba ku ba.

Allah Ya tsare mana yaranmu.