Kafin Ka Sayi Lasifika, Duba Bayan Akwati

Duk wanda ya halarci biki ko walima a Dogon Daji da ƙauyukan da ke tsakanin Tambuwal da Kebbe a 'yan shekarun nan ya san cewa hayar kayan sauti ta zama sana'ar matasa sosai. Saurayi yakan tara kuɗin albasa ko na kabu-kabu na shekara biyu, ya nufi Sabon Garin Kano, ko ya yi aike Alaba ta Legas, ya dawo da amfilifaya da akwatunan lasifika. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke binne jarinsu cikin wata uku, domin sun zaɓi akwati da ido, sun ɗauka girmansa shi ne ƙarfinsa.

Wani ɗalibina ɗan yankin ne ya jawo ni ga batun. Yana kaɗa jita irin salon Agadas, wanda Bombino da Mdou Moctar suka kai Turai da Amurka. Ya mallaki na'urar kwaikwayon sauti da amfilifaya, saura lasifika. Ga wanda bai san ta ba, ita wannan na'ura ƙaramar kwamfuta ce da ke kwaikwayon muryar manyan amfilifayoyin jita na dā. Tun da kamfanin Line 6 ya fitar da POD a 1998 irinta suka yawaita, har mai ƙaramin ƙarfi ma yana iya samun ta hannu.

A nan ne ake rikicewa. Lasifika iri biyu ce. Akwai ta jita zalla, mai faɗin inci 12 galibi, irin wadda Celestion ke ƙerawa ana sa huɗu a akwatin Marshall tun shekarun 1960. Ita ba ta faɗin gaskiya, kuma da gangan aka bar ta haka. Kunnen yaro lafiyayye na iya jin sauti har kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, amma ita daga wajen 5,000 take fara yanke na sama, ta rage tsinin sautin jita ya yi daɗi. Sai kuma lasifika mai cikakken zango, irin ta taro, wadda aikinta ta fitar da abin da aka ba ta ba ragi ba ƙari.

To, ita na'urar kwaikwayo tana ɗauke da kwaikwayon akwatin jita a cikinta. Idan ka bar shi a kunne, ka kuma haɗa da akwatin jita na gaske, ka tace sautin sau biyu ke nan, zai fito a dushe kamar mai magana da rawani a baki. Idan ka kashe shi kuma ka haɗa da lasifika mai cikakken zango, sai jitar ta riƙa tsatsa kamar ana soya ƙosai. Ka'idar ba ta da wuya: akwatin jita, a kashe kwaikwayon, lasifika mai cikakken zango, a kunna shi.

Wanne ya dace da saurayin Dogon Daji? Ni dai ban ga dalilin akwatin jita zalla ba. A garuruwanmu kayan sauti ba su da aiki ɗaya. Yau biki, gobe walimar saukar Alƙur'ani, jibi taron siyasa, kuma makirufo da fiyano duk nan za su shiga. Muryar mai wa'azi a lasifikar jita ba ta fita tar, haruffa irin su sin da shin suna ɓacewa. Ga kuma nauyi: akwati mai lasifika huɗu ya kusa kilo 40, sai ka yi tunanin ɗaure shi a bayan babur a hanyar ƙauye da damina. Masu son jita za su ce akwatin gaske yana da wani irin bugu a ƙirji da kwaikwayo ba ya bayarwa. Na yarda. Amma wannan daɗin mai kaɗawa ne yake jin sa, shi da ke tsaye kusa, masu biyan kuɗin haya ba su san da shi ba.

Yanzu ga lambobin da ke bayan akwati, waɗanda su ne ainihin cinikin. Na farko shi ne om, ma'aunin turjiyar lasifika. Yawancinsu om 8 ne. Ka haɗa biyu kafaɗa da kafaɗa a layi ɗaya su koma 4, ka haɗa huɗu su koma 2. Amfilifayar da aka rubuta mata om 4 a matsayin iyaka, in aka ɗora mata 2 za ta ja wuta fiye da ƙarfinta ta yi zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ba ta daɗewa. Kwamitocin masallatai ma su lura, domin wannan ne ke cinye musu amfilifaya duk lokacin da aka ƙara ƙaho a kan hasumiya ba lissafi.

Na biyu wat. Lambar da ake rubutawa da manyan haruffa tare da PMPO ta talla ce, a nemi wadda aka rubuta RMS. Abin da mutane ba su cika yarda da shi ba shi ne, ƙaramar amfilifaya ma tana ƙona lasifika. Idan aka murɗe ta har ƙarshe sautin yakan gurɓace, kuma gurɓataccen sautin nan ne ke ƙona ƙaramar lasifikar sama. Wutar janareta mai hawa da sauka tana ƙara ta'azzara abin.

Na uku, wanda kusan babu mai dubawa, shi ne yawan desibel da lasifika ke bayarwa a wat ɗaya. Bambancin desibel 3 daidai yake da ninka ƙarfin amfilifaya. Wato lasifika mai 97 tana bukatar wat 200 kafin ta yi ƙarar da mai 100 za ta yi da wat 100. Ga mai sayen fetur da kuɗinsa, ko mai dogaro da batirin sola, wannan lamba ta fi duk sauran muhimmanci.

A fili, duk lokacin da nisa ya ninka sauti yana raguwa da kusan desibel 6. Shi ya sa ake ƙure ƙara don na baya su ji, alhali yara ne ke cunkushe a bakin akwati. Masana lafiyar kunne sun sa iyakar desibel 85 na awa 8, a desibel 100 kuwa minti 15 ne kacal. Maganin ba ya da tsada: a ɗaga akwatin a kan ƙarfe ya wuce kan mutane, a karkata shi ga tsakiyar taro. Kuma a zaɓi mai rufaffen baya, domin buɗaɗɗe ɗaki yake so, a fili sautinsa na ƙasa yakan watse, ga ƙurar hunturu da ke shiga ta zauna masa a ciki.